Gidan Bahaushe bai mutu a Ikko ba, rabuwa ya yi gida biyu

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan isha'i ina zaune a teburin mai shayi a Agege, wani bawan Allah mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya jingina wayarsa da gwangwanin madara ya kira gida ta bidiyo. Matar ta ɗauka aka gaisa, sai ya ce "miƙo min yaron nan in gan shi". Yaron bai fi shekara 3 ba, yana leƙowa ya ga fuskar sai ya ja da baya ya cusa kai cikin zanin uwar, ana ta lallashi "babanka ne fa, gaishe shi mana", ina, ƙememe ya ƙi. Mutumin ya yi 'yar dariya ya ce mana ai ƙyuya ce, amma na lura har shayin ya huce bai kurɓa ba. Wata 9 rabonsa da gida.

Wani dattijo a ƙarshen benci ya girgiza kai ya ce shi kenan, zamani ya cinye mu, gidan Bahaushe ya mutu. Wannan maganar kullum sai ka ji ta, a masallaci, a wajen suna, a Facebook, kuma ni gaskiya ban yarda da ita ba. Gidan yana nan da ransa, siffa ya sake, mu ne dai muka ƙi kallon sabuwar siffar balle mu yi mata tsari, muna ta auna ta da wani hoton gidan da ko a da ma ba kowa ke da shi ba.

Hoton nan kowa ya san shi: zaure, maigida, matansa, 'ya'yansa maza da nasu matan, kaka a ɗakinta, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya, kowa ya yi aikin gandu da safe ya koma gayaunarsa da yamma. To amma ko Polly Hill, baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960 tana nazarin rayuwar manoma, abin da ta nuna shi ne gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa masu aure, kuma sau da yawa uban na rasuwa ake raba gona kowa ya kama gabansa. Abner Cohen kuma da ya yi nasa binciken a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, a farkon shekarun 1960 wani irin gida daban ya tarar, maigidan da ke saukar da fataken shanu da goro, yana da yaran da ba shi ya haife su ba, shi ke ci da su, shi ke yi musu aure, ga riƙon 'ya'yan wasu. Kenan tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano wajen 1912 goron Agege ya riƙa tafiya Arewa, gidan Bahaushen kurmi ba irin na ƙauye ba ne. Sana'a da wurin kwana su suke yanka wa iyali riga, ba yau aka fara ba.

Yau a Ikko mai yanka rigar shi ne kuɗin haya. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Agege ko Idi-Araba ko Ijora ya san zancen, kuɗin shekara a dunƙule, ga na ejan, ga na yarjejeniya, ga wani wai na ko za ka ɓata musu gida, kuma duk da dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da na shekara 1 a hannun sabon ɗan haya, in mai gida ya ce 2 yake so ai sai dai ka bayar ko ka ƙara gaba. Ɗaki ɗaya ne a gidan fes-mi-ai-fes-yu, wato gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, bayi na kowa da kowa, girki a baranda. A nan za ka sa mata 2? A nan tsohuwa za ta zo ta zauna? Labule ake ratayawa a raba ɗakin, wannan gefen gado wancan gefen yara. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Legas tana haihuwar 3.4 a matsakaici, a Katsina 7.3, na Legas ɗin na kowace ƙabila ne ba na Hausawa kaɗai ba, amma ai matanmu ma a layi ɗaya suke ɗiban ruwa da sauran, kuɗin makaranta ɗaya suke biya, ba sai wani bature ya zo ya koya musu lissafi ba.

Shi ya sa da yawa suka zaɓi su bar iyali a gida. Ci-rani a da sunansa ne aikinsa, ka ci rani ka koma da damina ka yi noma. Yanzu akwai wanda ya shekara 15 yana "ci-rani", sau 1 ko 2 a shekara yake leƙa gida, babbar sallah da in an yi rasuwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya sa har na sallar ma wasu sun yafe, ko su hau bayan tirela su kwana a hanya da ransu a hannu. Ga matsalar tsaro da ta kori wasu daga gonakinsu a Zamfara da Katsina da Sakkwato, babu ma noman da za a koma yi. Sannan a ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta Sanwo-Olu ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 irin su Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya aka ƙara wasu, aka riƙa kama babura ana niƙewa, duk babur ɗin ɗan Arewa da aka niƙe a nan to ka tabbata akwai tukunyar da ta sauka daga murhu a can.

Inda na fi so mu tsaya shi ne kan matar da aka bari. Kowa tausayin mai gidan yake ji, yana kwana a shago ko a barandar masallaci, sauro na ci, gaskiya ne. Amma ita fa? Tana gidan surukai, ba ita ba bazawara ba ita ba mai miji a kusa, in yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare sai ta buga ƙofar wan miji, kuma a gidaje da yawa kuɗin da ake turowa ba hannunta suke shiga ba, alat ɗin wayar yaya yake faɗowa ko ta Baba, a sayo hatsi a zuba cikin na gida, ita kuwa ko sabulu take so sai ta roƙa. Da OPay da Moniepoint suka shigo, ga masu POS har ƙauye, wasu mazan suka fara tura wa matan kai tsaye, sai ga sabuwar rigima, uwar miji ta ce an mallake mata ɗa, yaya ya ce an raina shi. Ni ban ga raini a nan ba. A da maigida ke riƙe da mabuɗin rumbu saboda a gonarsa aka noma, yanzu rumbun yana cikin waya kuma a Mile 12 aka noma shi, dole iko ya motsa, masana zamantakewa sun daɗe suna faɗin cewa inda abinci ke fitowa nan magana ke komawa.

Wanda ya kawo matarsa nan kuma nasa kalar daban. Akwai daɗi, kar mu yi ƙarya, babu faccala babu tsegumin dangin miji, za ka ga miji ya goya jaka ya raka ta awo, yana ɗaukar ɗan farinsa a gaban mutane har yana kiran sunansa, abin da kakanninmu ko da wasa ba za su yi ba. Matan da yawa ba za su yarda su koma gidan yawa ba ko da kuɗi. Sai dai ranar da maƙwabciyata ta haihu, babu halin tafiya goyon ciki, babu halin kawo tsohuwa, wata Bayarabiya mai sayar da burodi a ɗakin da ke kallon nasu ita ta dafa ruwa ta yi mata wankan farko ta gasa wa jariri cibi, yaran gidan har yau Iya suke ce mata. An dace da ita. Wadda ba ta dace ba fa? Aikin da hannu 10 ke yi a gidan gandu, raino, jinya, sulhu, tsawatarwa, ya dawo kan mutum 2 da suka gaji. In faɗa ya kaure babu kawu babu gwaggo, kafin wani babba ya ji labari an riga an tura saki ta WhatsApp. Legas kuma ba Kano ba ce, babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, babu Hisbah, sai dai a je gaban liman ko Sarkin Hausawan unguwa, su kuma nasiha ce ƙarfinsu, in mutum ya tsallake ya bar mace da 'ya'ya 4 ba su da sandar da za su tilasta masa ciyarwa. Je ka bakin kasuwa ka ga masu tuwo da masu awara, nawa ne a cikinsu su ne uwa su ne uba, amma in ana lissafin "magidanta" a taron unguwa ba a ko kiransu.

Na san za a ce to ai gara a koma yadda ake. A koma ina? Gonar da aka raba wa magada 12? Ko Sarki Sanusi da ya kawo maganar dokar iyali a Kano a 2017, har da batun hana wanda ba shi da hali ƙara aure, kowa ya ga irin caa ɗin da aka yi masa, a 2023 kuma gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a auren gata. Mun iya ɗaura aure, zaman da ke bayansa ne ba ma son tattaunawa. In waliyyi zai ba ɗan ci-rani 'yarsa, me zai hana a faɗa a gaban shaidu, duk wata nawa zai riƙa zuwa, kuɗin cefane hannun wa za su shiga, ɗakinta a ina? Ko wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba wata 4 Alƙur'ani ya ɗibar masa a Suratul Baƙara, amma mu an mayar da shekara guda ba komai ba. Limamanmu na Agege da Alaba Rago da Obalende su suka fi kowa cancantar ɗaukar wannan a huɗuba, tunda sahun gabansu cike yake da mazan da matansu ke nisan kilomita 1,000. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke tara kuɗin kai gawa gida kuma ba abin kunya ba ne su buɗe adashin kuɗin mota na mai rai.

Shi dattijon nan na wajen mai shayi da zan tashi na ce masa "Baba, kai yaushe rabonka da gida?" Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, can ya ce tun shekarar da Abacha ya rasu, 1998 kenan. Matarsa 'yar Abeokuta ce, 'ya'yansa 5 duk a Agege aka yanke musu cibi. Muna cikin haka jikarsa ta zo kiransa cin abinci, da Yarabanci ta yi masa magana, shi ma da Yarabancin ya amsa, ya shuri takalmansa ya bi ta.