Ba ramin Janeba muke nema ba, a biya kuɗin azot da batir

Da zarar an ta da maganar ware kuɗi don binciken ƙananan ƙwayoyin zarra a jami'o'in Marwa, Garwa da Ngaundere da ke Arewacin Kamaru, amsa ɗaya ake jefowa: ƙasar da ba ta gama da ruwan sha ba, ina ita ina wasan Turawa? Mai faɗin haka injin CERN, cibiyar binciken zarra ta Turai da ke kusa da Janeba, yake hangowa, zoben nan mai tsawon kilomita 27 da aka binne kusan mita 100 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012. To, wa ya roƙe ku shi? Kasafin CERN na shekara ya haura faran ɗin Suwizalan biliyan ɗaya, kuma ƙasashe sama da 20 ke karo-karo su haɗa shi. Hankalinmu bai gushe ba. Abin da ake hana mu ɗan ƙarami ne har ana jin kunyar faɗinsa: kuɗin da zai riƙe na'urar awo guda ɗaya da rai daga Janairu zuwa Disamba.

Kuma aikin yana nan a ƙofar gida. An daɗe da sanin akwai yuraniyom a duwatsun Kitongo kusa da Poli. Mutanen yankin suna buga tubali da ƙasar wurin, suna shan ruwan rijiyarsa, suna kwana a ɗakunan da iskar radon ke taruwa. Radon ita ce ta biyu wajen jawo kansar huhu, bayan taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi ƙoƙari kada ta wuce bekerel (ma'aunin ƙarfin tururin nukiliya) 100 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki, in ta yi tsanani kada ta haura 300. Ba a gane ta da ido, ba ta da wari. Da detekta, wato na'urar gano tururin nukiliya, ake auna ta, irin wadda masu binciken ƙwayoyin zarra suka ƙirƙiro, kuma wanda ya iya riƙe detektar a aji shi ne gobe zai kula da injin gashin cutar kansa a asibiti. 'Yan Kamaru sun yi awo a Poli, sun wallafa, amma da taimakon ɗakunan bincike na Suwizalan da Japan. Madalla da taimakon. Sai yaushe ƙasar Poli za ta daina shiga jirgi kafin a san abin da ke cikinta?

Ga yadda awon yake, don a ga inda kuɗi ke shiga. Ana ɗebo ƙasa, a busar da ita a tanda a wajen digiri 105, a niƙa, a tankaɗe, a auna nauyinta, a zuba a gwangwanin roba a liƙe bakin tsaf yadda iska ba za ta fita ba. Sai a ajiye wata guda. Dalili kuwa, radon da radiyom ke haifarwa rabinta ke ɓacewa duk kwana 3.8, sai an ba ta wajen kwana 30 kafin ita da 'ya'yanta su daidaita da radiyom ɗin. Bayan nan a ɗora gwangwanin a kan detekta, cikin gidan dalma mai kaurin santimita 10 wanda nauyinsa kan kai tan guda, a yi ta ƙirga hasken gama, wato tururin da ƙasar ke fitarwa wanda ido ba ya gani, sau da yawa awa 24 ba tsayawa. A allon kwamfuta za a ga tsinaye: na fotasiyom 40 a 1461 keV (ma'aunin ƙarfin hasken), na bismut 214 a 609, na taliyom 208 a 2614. Girman kowane tsini shi ke faɗin yawan abin da ke cikin ƙasar.

Mafi kyawun detekta a wannan aiki ita ce mai lu'ulu'un jamaniyom a cikinta, don tana raba tsinayen da ke kusa da juna, faɗin tsininta wajen 2 keV ne kawai. Amma ba ta aiki sai an sanyaya ta da ruwan azot, wato naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tulunta yakan ci lita 30, yana shanye kusan lita biyu a rana ko ana aiki ko ba a yi, ke nan duk mako ɗaya zuwa biyu sai an cika. Babu ruwanta da hutun ƙarshen shekara, babu ruwanta da cewa takardar kuɗi na kan teburin wani yana jiran sa hannu. A lissafa, lita 600 zuwa 700 a shekara, ban da wanda ke tsiyayewa a hanya. In daga kudu za a ɗauko, jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere kilomita 622 ne, sannan mota ta bi hanyar Garwa, ta wuce Marwa, tulu na jijjiga yana huci.

Ranar da azot ya ƙare kuma wutar detekta na kunne, volt dubu uku ko huɗu, ƙaramin tiransistan da ke bakin lu'ulu'un na iya ƙonewa, gyaransa kuma sai an mayar da ita kamfani a Turai ko Amurka. Ko da na'urar ta kashe kanta a kan lokaci, ba a gaggawar zuba sabon azot a detektar da ta fara ɗumi. A cikin bututunta akwai wani gari mai tsotse ragowar iska. Da ya ji ɗumi sai ya saki abin da ya tsotsa, in aka sake sanyayawa a wannan hali iskar ta daskare a jikin lu'ulu'un, tsinaye su baje, awo ya lalace. Dole a bar ta ta huce gaba ɗaya, kwana ɗaya ko biyu ko fiye, a cika, a jira aƙalla awa shida kafin a ɗaga wuta a hankali. Jinkirin biyan kuɗin lita 30 ya cinye mako guda na aiki, in an yi sa'a. In ba a yi ba, ya cinye na'urar da aka saya da miliyoyi masu yawa. An sayi doki, an yi masa kwalliya ranar bikin buɗewa, ba wanda ya tuna da harawa.

Za a ce ai akwai masu sanyaya kansu da lantarki, akwai kuma ƙananan injinan yin azot a cikin labo, wato ɗakin gwaji. Gaskiya ne. Sun dai ɗauke nauyin daga kan direba sun ɗora wa kuran, wato wutar lantarki, kuma kowa a Arewa ya san halin kuran. Madatsar Lagdo megawat 72 aka gina ta ta bayar tun farkon shekarun 1980, injina huɗu masu 18 kowanne. Da rani ruwa ya ja baya, yashi ya cika gindin tafkin, abin da take bayarwa ya faɗi ƙasa sosai. An ƙara tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa, sun rage zafi, ba su kawar da ɗauke wuta ba. Lokacin da wutar ta fi ƙaranci kuwa, Maris zuwa Mayu, shi ne lokacin da zafi ke haura digiri 40. Awon awa 24 da wuta ta yanke a awa ta 19, in babu batir, sai a sake daga farko.

Lissafin batir ɗin ba boyayye ba ne. Detekta da kwamfuta da na'urar sanyaya ɗaki guda, a ce kilowat 1.5. Ɗauke wuta na awa 8 ya zama kilowat-awa 12. Batirin dalma ba a zuƙe shi fiye da rabi in ana son ya yi kwana, don haka ana buƙatar 24. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar 2.4, ke nan guda 10. Sannan irin wannan batir, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Wanda aka rubuta wa shekara biyar a kwali, a ɗaki mai zafin Garwa da ƙyar ya ga biyu. Saboda haka kuɗin canjin batir abu ne da aka san ranarsa tun kafin a saya, amma kullum sai a yi kamar tsautsayi ne ya faɗo.

Ita ma detekta mai araha, ta sodiyom ayodaid, da ba ta buƙatar azot, tana da nata hali. Tsininta ya fi faɗi, wajen kashi 7 cikin 100 a 662 keV. Da ɗaki ya yi zafi tsinayen su zame daga inda suke da safe, ƙirgan dare da na rana su ƙi haɗuwa. In aka kunna sanyi da ƙarfi a ɗakin da ya wuni yana gasuwa, lu'ulu'un na iya tsagewa. In murfinsa ya huje ya sha laimar damina, ya yi rawaya, shi ke nan. Ƙurar hunturu kuma ta kwanta a kan mahaɗin babbar wuta ta riƙa tartsatsi, kwamfuta na ƙirga tartsatsin kamar hasken gama ne.

Kafin a yarda da kowane adadi sai an gwada na'urar da 'yan ƙananan tushen haske da aka san ƙarfinsu. Su ma suna tsufa. Siziyom 137 sai shekara 30 rabinsa ke tafiya, amma kobal 60 shekara 5.27 ne, sodiyom 22 kuma 2.6. Shigo da sabo sai da izinin hukumar kariya daga tururin nukiliya, kuma haka ya dace, ba wanda ke jayayya. Ƙorafin shi ne a kan abin da ke biyo baya: kaya ya sauka Duwala, a lissafa masa kuɗin duwan, wato kwastam, da harajin kashi 19.25 kamar talabijin, ya kwanta a sito kuɗin ajiya na hawa, malami a Marwa na bin takardar sassauci ta waya.

Ina kuɗin yake zuwa, tunda ana cewa ana kashewa? Tun 2009 ake biyan malaman jami'a alawus na musamman don zamanantar da bincike, duk wata uku. Haƙƙinsu ne, kuma sau da yawa sai ƙungiyarsu ta SYNES ta yi barazanar yajin aiki kafin a biya bashin da ya taru. Amma aljihun malami yake shiga, ba asusun labo ba, kuma ba a ce mutum ya sayi azot ɗin jami'a da kuɗin cefanen gidansa ba. A 2016 aka sanar da rabon kwamfutoci 500,000 ga ɗalibai, cikin shirin bashin sefa biliyan 75 daga Sin. Da suka iso, ma'ajiyarsu gigabait 32 ce. CERN ta buɗe bayanan gwaje-gwajenta kyauta ga kowa tun 2014, manhajojin ROOT da Geant4 da ake wannan bincike da su, su ma kyauta ne, amma wanda ya taɓa girka Geant4 ya san tare da bayanansa gigabait nawa yake ci, balle a sauke ko da ɗan yanki na bayanan karon furoton a kan irin wannan kwamfuta da intanet ɗin waya. Kashi ɗaya cikin ɗari na wancan bashi sefa miliyan 750 ne. Ku lissafa shekara nawa na azot da batir ke nan.

A Khartum, a 2006, ƙasashen Tarayyar Afirka suka amince kowace ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta na shekara a kan bincike. Mun sa hannu tare da kowa, ba mu kai ba. Maroko ba ta haƙa rami ba, amma masu bincikenta na cikin gwajin ATLAS na CERN, Afirka ta Kudu na cikin ATLAS da ALICE, Masar na cikin CMS, duka manyan gwaje-gwajen CERN ne. Abin da suka yi shi ne biyan gudummawa a kan lokaci da riƙe 'yan ƙungiyoyi ƙanana shekara bayan shekara. Makarantar fizik ta Afirka da aka fara a Afirka ta Kudu a 2010 ta zaga Kumasi, Dakar, Kigali da Windhuk. Ɗalibinmu ya je ya koyo, ko ya je cibiyar Abdus Salam a Tiriyesta, ya dawo ya tarar da allo da alli. Karo na biyu in ya fita, wa zai ga laifinsa in bai dawo ba?

Abin da ya fi ban haushi shi ne na koyarwa, don nan kam babu uzurin tsada. Ƙwayoyin muwon na zubo mana daga sama dare da rana, kusan ɗaya a kowace santimita murabba'i duk minti, a Kusiri kamar yadda suke yi a Janeba. An wallafa zanen ƙaramar detekta mai suna CosmicWatch kyauta: robar da ke walƙiya mai santimita 5 a 5 da kaurin 1, ɗan idon silikon mai karɓar haske, da allon Arduino, duka wajen dala 100. A ɗora biyu ɗaya bisa ɗaya, a ƙirga sai lokacin da suka buga tare, a karkatar da su daga tsaye zuwa kwance a ga ƙirga na raguwa. Ɗalibi ya koyi walda da kuza, ya koyi lissafin kuskure, ya taɓa fizik da hannunsa. Guda 20 sun ishi aji, kuɗinsu bai kai sefa miliyan biyu ba. Ɗalibin nan yana biyan sefa 50,000 na rajista duk shekara. Amma a tsarin sayen kayan gwamnati, abin da ba ya cikin jerin farashin hukuma sai an nemo masa amincewa daban, sai ɗan kwangila ya shiga tsakani, kamfanin waje kuma ba ya aiko kaya bashi. Kujeru da labule su wuce cikin mako, idon silikon ya kwana a takarda har shekarar kuɗi ta rufe.

Ranku ya daɗe 'yan majalisarmu na Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, a watan Nuwamba kasafi ke zuwa gabanku. Ku tambayi layin da aka rubuta wa kuɗin tafiyar da labo, dabam da na gini da na sayen sabuwar na'ura. A sa doka cewa duk na'urar da za a saya sai an haɗa ta da kuɗin azot, batir, gwaji da gyara na shekara biyar a takarda ɗaya. A ba shugaban labo ɗan asusun da zai iya sayen kayan gyara kai tsaye, a bincike shi a ƙarshen shekara da rasit. A yanke wa takardar sassaucin duwan wa'adi. A ɗauki ma'aikacin fasaha na dindindin mai albashi, wanda zai auna tulun azot ranar Litinin ya rubuta a littafi, ba ɗalibin dokta da zai gama ya tafi da duk abin da ya sani a kansa ba.