Lissafin zafi da muka haddace a allo, Inna na yin sa da bokiti

Ranar wata Laraba da daddare 'yata ta shigo falo da littafinta, fuska a ɗaure. Tana aji huɗu na sakandare a nan Gilasgo da ke Birtaniya, kuma jarrabawar kemistiri ta matso. A makaranta sun kunna 'yar fitila mai cin sinadarin itanol, suka ɗora gwangwanin jan ƙarfe a kai da ruwa giram 100 a ciki. Zafin ruwan ya hau da digiri 20. Da suka sake auna fitilar, sai suka ga rabin giram na itanol ne ya ƙone. Ta buga lissafinta, lambar ruwa 4.18 sau nauyin ruwan kilo 0.1 sau digiri 20, ta samu kilojul 8.36 (jul shi ne ma'aunin yawan zafi, kilojul kuwa jul dubu ne). Littafi kuwa ya ce giram ɗaya na itanol yana ba da kusan kilojul 30, wato rabin giram ya kamata ya ba da kusan 15.

Ta ce, "Abba, to ina sauran suka tafi?"

Wallahi abin da ya fara zuwa bakina shi ne, ki gyara lambar kawai ta yi daidai da ta littafi. Allah ya taimake ni na haɗiye maganar. Haka muka yi a zamaninmu a Zariya. In an ba mu damar shiga ɗakin gwaji, abin da bai fi sau uku ba a shekara, mun riga mun san amsar da ake so, sai mu yi ta murɗa lambobi har su faɗa wurin. Ita kuwa malaminta ko kallon amsar littafi bai yi ba. Aikin da ya ba su shi ne su bayyana dalilin giɓin: zafin da iska ta kwashe, wanda gwangwanin kansa ya sha, da itanol ɗin da bai gama ƙonewa ba, wanda shaidarsa ita ce baƙin da ya shafe gindin gwangwanin. Makin yana cikin wannan bayanin.

Na daɗe ina cewa rashin kayan aiki ne ya kashe mana kimiyya a gida. Yanzu na fara janye wannan maganar, aƙalla a kan wannan darasi. Me ake buƙata a gwajin nan? Gwangwani, ruwa, wuta, sikeli da ma'aunin zafi. Huɗun farko babu kasuwar da ba za ka same su ba. Abin da muka rasa shi ne wanda zai ce mana lissafin nan maganar tukunya yake yi.

Mu dai abin da muka sani shi ne Q = mcΔθ. Muna rera shi kamar karatun allo, sai dai shi karatun allo daga baya ana zaunar da kai a fassara maka. Mun haddace cewa na ruwa 4,200 ne, mun ci WAEC da shi, amma da za a tare ni a lokacin a ce 4,200 na mene ne, da na yi zuru. A nan yaran ba sa haddace komai. Ana rubuta shi Eh = cmΔT, kuma yana cikin ɗan littafin da ake raba musu a ɗakin jarrabawa, tare da lambar ruwan. Da farko abin ya ba ni haushi, na ce wannan ai lalaci ne. Daga baya na gane in an ba ka dabarar a hannu, dole tambayar ta koma kan ko ka gane abin da take nufi.

Ga abin da take nufi, da Hausar da na so a ce an faɗa mini tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Zafin da abu zai sha ya dogara da abu uku: nauyinsa, irin abin, da kuma digiri nawa kake so ya hau. Na tsakiyan shi ne c, ni kuma ina kiransa cin wuta. Na aro kalmar ne daga bakin mata a madafi, ko da yake su tsawon dahuwa suke nufi in sun ce ganda tana da cin wuta. Cin wutar abu shi ne yawan zafin da kilo ɗayansa zai sha kafin ya ƙara digiri ɗaya. Ruwa yana shan kusan jul 4,200, wato kilojul 4.18 ɗin da ke cikin lissafin 'yata. Man girki kusan rabin haka. Alminiyam kusan 900, yashi ɗari takwas da wani abu, baƙin ƙarfe kusan 450, jan ƙarfe bai kai 400 ba.

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san waɗannan lambobi da fatarsa. Ka taka yashi ba takalmi da azahar a watan Afrilu, sannan ka tsoma ƙafa a kududdufin da rana ɗaya ta doka tun safe. Mai ƙosai ta san kaskon mai yana yin zafi tun tukunyar kokon da ke gefe ba ta ko fara motsi ba. Ruwa yana da nawa wajen ɗaukar zafi, kuma yana da nawa wajen sakinsa. Shi ya sa a nan ruwa ake dumama ɗaki da shi: tukunyar gas ta dafa shi, famfo ya zagaya da shi cikin ƙarafunan da ke manne a bango. Tsofaffinsu kuma suna cika wata salkar roba da ruwan zafi su shige bargo da ita, har asuba da sauran ɗumi.

Har yanayin garin ma lissafin nan ne. Gilasgo da Mosko kusan layi ɗaya suke a taswira wajen nisa zuwa arewa, amma sanyin Mosko ba sa'an na nan ba ne, domin mu muna gefen Tekun Atilantika, wanda yake riƙe da zafi yana sakinsa a hankali. Tsakanin dare da rana a nan 'yan digirori ne. A Zariya kuwa lokacin hunturu za ka fita sallar asuba haƙora na kaɗawa, kafin azahar ka cire rigar sanyi kana neman inuwa, saboda busasshiyar ƙasa da busasshiyar iska ba sa riƙe abin da rana ta ba su.

Akwai wata matsala da take tamu ce ta harshe, kuma ban ga ana maganarta ba. Kalma ɗaya muke da ita, zafi, muna ɗora mata kaya biyu. In ka ce shayi ya yi zafi, matakinsa kake nufi, abin da ma'auni ke nunawa. In ka ce tukunyar nan ta sha zafi, yawansa kake nufi. Kofin shayi mai tafasa ya fi duro cike da ruwan ɗumi mataki, amma duron ya ninka shi yawan zafi sau da yawa. Kada mu ji kunya a kan wannan, Turawa ma sun daɗe suna cakuɗa su. Wanda ya raba su wani likita ne kuma malamin kemistiri, Joseph Black, wanda ya koyar a Jami'ar Gilasgo daga 1756 zuwa 1766 kafin ya koma Edinbara. Ginin sashen kemistiri na jami'ar sunansa yake ɗauke da shi, ina wucewa ta kusa da shi in zan je aiki. Shi ne ya nuna cewa abubuwa masu nauyi ɗaya ba sa shan zafi iri ɗaya kafin su hau mataki ɗaya. Sai a shekarun 1840 James Joule, ɗan gidan masu sana'ar giya a Salfod kusa da Manchesta, ya nuna da gwajin kaɗa ruwa cewa zafi da aikin ƙarfi abu ɗaya ne a riga biyu. Jul ɗin da muke ƙirgawa da shi sunansa ne.

Malamin da zai koyar da wannan a Funtuwa ko Maraɗi, in bai tsaya ya raba wa yara zafin nan gida biyu da Hausa ba, duk Turancin ko Faransancin da zai zuba a kansu a banza ne. Za su maimaita masa kalmomin, amma a cikin kansu abu ɗaya suke ji.

Ni dai ba a aji na gane lissafin ba, takardar kuɗin wuta ce ta koya mini. A 2022 farashin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabi a Birtaniya, kowa ya koma ƙirga abin da yake kunnawa. Yunit ɗaya na mita, irin wanda muke saya a gida ma, jul miliyan 3.6 ne. Na zauna da biro. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ta fito daga famfo a digiri 15, kai ta 100 yana cin 4,200 sau 85, wato jul 357,000, kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit. Butar lantarkinmu mai kilowat 3 tana gama wannan cikin minti biyu, na duba agogo kuma haka ne. To ashe duk sanda aka cika buta fal don kofi ɗaya, kuɗin kofi shida aka biya. Sai na koma kan wanka. Shawarmu mai kilowat 9 ce, minti goma a ƙarƙashinta yunit ɗaya da rabi. Bokitin lita 20 kuwa, daga digiri 10 na lokacin sanyi zuwa 40, jul miliyan 2.52 ne, wato yunit 0.7. Bai kai rabi ba. Na sanar da iyalina cewa mun koma wankan bokiti, aka yi mini bore, dokar ba ta yi sati ba. Amma lissafin yana nan daram.

Bokitin nan ne ya tuna mini da Inna. Da sanyin hunturu takan tafasa ruwa a tukunya kafin mu tashi, ta zuba a bokiti, ta sirka da na randa, ta tsoma hannu, ta ce wa mai bi ya shiga. Awonta kusan kullum ɗaya ne: kashi ɗaya na tafasasshe, uku na sanyi. Na gwada shi a takarda. Lita 5 a digiri 100, lita 15 a digiri 20. Abin da mai zafi ya saki shi mai sanyi ya ɗauka, kuma da yake duk ruwa ne, 4,200 ɗin ya kashe juna. Ya rage 5 sau 100 a tara da 15 sau 20, a raba da 20. Digiri 40 cif, daidai ruwan wanka. In dare ya yi tsanani ruwan randa ya sauka zuwa 15, amsar ta koma 36 da ɗoriya, kuma a irin wannan safiyar ce za ka ga ta ƙara moɗa guda na zafi ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Wannan tambaya ce da muka sha gani a jarrabawa da sunan haɗa ruwa biyu a kwanon gwaji. Na amsa ta ba adadi, ban taɓa ganin fuskar Inna a cikinta ba.

Ba ina cewa yaran nan sun fi mu ba. 'Yata tana da ma'auni da sikeli da malami mai haƙuri, amma ba ta taɓa hura wuta ba. Zafi a wurinta maɓalli ne a bango. Da na ce mata giɓin kilojul ɗinta shi ne abin da ke faruwa a kowane murhu mai duwatsu uku, inda mafi yawan zafin itace yake bin iska ba ya shiga tukunya, sai da na nemo mata hoto. Yarinyar da ke taya uwarta girki a ƙauyen Giwa ta san dalilin da ya sa ake kare murhu daga iska, ta san murfi yana saurin tafasa ruwa, ta san jiƙaƙƙen itace ɓarnar wuta ne. Rabin darasin yana hannunta tun kafin ta shiga aji. Mu ne muke sa ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta shiga ta kwafi tambaya a kan dunƙulen jan ƙarfen da ba ta taɓa gani ba.

Kuma muna da shaida cewa in an haɗa biyun ana samun abu. Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya ɗauki tukunyar ƙasa ya sa cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa, yana tafiya da zafin cikin, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabara a ƙauyuka. Sirrin shi ne ɗaya binciken na Black: kilo ɗaya na ruwa kafin ya zama tururi yana shan fiye da jul miliyan biyu ba tare da matakinsa ya motsa ba, ya ninka abin da ake buƙata a kai shi daga ƙanƙara-ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau biyar. Shi ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, kuma shi ya sa sabuwar randa mai tsattsafo ta fi tsohuwar da ta toshe.

Da muka gama aikin gidan, 'yata ta ce a kira Inna a WhatsApp ta ji ko da gaske ɗaya da uku take sirkawa. Bayan doguwar gaisuwa ta tambaye ta. Inna ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba, hannu take sawa, kuma ya danganta da wanda zai yi wankan, domin na jariri dabam, na mai jego dabam. Sannan ta tambaya ko har yanzu ubanta yana barin buta a wuta ya tafi hira.