Horon intanet ga ungozomomi: kada takardar shaida ta riga hannu ƙwarewa

Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce. Ungozomar da ke aiki a ƙaramin asibitin karkara a yankin Magarya ko Gure, in aka kira ta horo a babban birni, ɗakin awo kulle shi za a yi har ta dawo. Shi ya sa nake maraba da darussan tazarar haihuwa da ake koyarwa ta intanet. Da wayar hannunta za ta san wace mace ashanar fata ta dace da ita, ta san Implanon sanda ɗaya ce mai shekara 3, Jadelle biyu ce mai shekara 5, robar mahaifa mai jan ƙarfe kuwa tana kai shekara 10.

Amma fa kallo ba ya koya wa hannu aiki. Ashana a ƙarƙashin fata kaɗai take kwanciya, ta cikin damtse, yadda mai ita za ta shafa ta ji ta. Allura ta ɗan nutse, sai ta shige cikin tsoka, kuma ba za a gane ɓarnar ba sai ranar cirewa: a lalubi hannu a rasa, a tsaga, a yi ta tono, ƙarshe a ce matar ta nemi kuɗin mota ta zo birni a yi hoton eko, wato hoton da na'ura ke ɗauka na cikin jiki. Robar mahaifa ma sai an auna zurfin mahaifar kafin a saka, hannun da bai saba ba yana iya huda ta.

Cirewar ce ta fi damuna. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta, kuma mata na karɓa don gudun kwanika. To, matar da jini ya rikice mata, ta rasa gane lokacin sallarta da azuminta, ta zo a cire a ce mai cirewa ba ta nan, wallahi ba ita kaɗai aka rasa ba. Kishiyarta da maƙwabtanta duk za su ji a gidan suna.

Saboda haka kada a ba kowa takardar shaida don ya amsa tambayoyi a waya. Bayan darasi, a gwada a hannun roba da ƙugun roba, sannan a yi wa mata na gaske a gaban ƙwararriya, sakawa da cirewa duka. Muna da makarantar kiwon lafiya ta ENSP a nan Damagaram, ga babban asibitin ƙasa, ga cibiyar kula da uwa da yaro. Masu koyarwa ba sai an ɗauko su daga Yamai ba. Darussan kuma a yi su yadda za a sauke a ajiye, tunda rezo da wuta ba su da tabbas a ƙauye, a haɗa da muryoyin Hausa, domin da Hausa ungozoma ke yi wa mace bayanin jinin nan.