"Ni zan je" na rubuta, kuma ban je ba

Assalamu alaikum. Ban saba dogon rubutu ba, amma yau ku yi haƙuri da ni. Tun bayan sallar Juma'a ƙirjina ya yi nauyi, har na yi isha'i ban san surar da liman ya karanta ba. Laifi na yi, kuma na san ba ni kaɗai nake yin irinsa ba.

A unguwarmu nan Birnin Kebbi wasu samari, Allah ya yi musu albarka, sun buɗe zauren WhatsApp tun azumin bara. Aikinsa guda ɗaya ne. Akwai mutanen da ba sa iya fita kasuwa: tsofaffi, marasa lafiya, masu takaba, masu jego. Yaran nan su ke zagayawa su ji wa ke da buƙata, sai su rubuta a zaure ba tare da ambaton suna ba: gida kaza, bayan masallaci, tsohuwa ce, tana son cefane, kuɗinta na hannu. Duk wanda hanyarsa ta biyo kasuwa sai ya ce "ni". Da ya faɗa, sai a cire gidan daga jerin masu jira. In ya kai, ya rubuta "an kai". Shi ke nan. Ba kwamiti, ba shugaba, ba hula mai tambari.

Ranar Talata da safe ina wurin mai shayi saƙo ya shigo. Na gane gidan, layi biyu ne tsakaninmu, tsohuwar kuma ta san mahaifiyata. Babur ɗina na gefe, dama Babbar Kasuwa za ni. Sai na rubuta: "Ni zan je, in sha Allah." Nan take addu'o'i suka fara zuba. Allah ya saka da alheri, Malam. Malam ba ka gajiya. Allah ya sa a mizani. Wallahi sai da na ƙirga su, bakwai ne, kuma na ji daɗinsu har cikin raina. Ban ɗauki ko ƙullin gishiri ba, amma na riga na karɓi ladan aikin a bakin mutane.

Kafin in ƙarasa shayin aka kira ni, tafiya ta taso zuwa Jega. Ban dawo ba sai magariba. Laraba na tuna, na dubi rana, kun dai san ranar garin nan, na ce bari ta yi sanyi. Ta yi sanyi ina majalisa ana gardamar ƙwallo. Alhamis ko tunawa ban yi ba, saƙonni sun riga sun binne maganar.

Yau ina dawowa daga masallaci na bi ta lungunsu, ba don na tuna ba, hanya ce kawai ta fi kusa. Jikanta, yaro da bai wuce shekara shida ba, yana zaune kan dakali. Ya taso da gudu ya riƙe mini hannun riga. "Baba, yau za ka sayo?"

Na yi sallama na shiga. Tana kan tabarma a inuwar ɗaki, ƙafafun sun kumbura, sandarta na jingine da bango. Abin da idona ya fara sauka a kai murhu ne. Kaza ce kwance a cikin tokar, ta baje fukafukai hankalinta kwance. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san kaza ba ta kwanciya a murhun da aka hura jiya. A gefe ga ƙaramin kwano da sauran garin rogo da aka jiƙa, ƙuda na bi.

Na durƙusa na gaishe ta, bakina ya kasa haɗa uzuri. Ita ce ma ta rufa mini asiri. "Lahiya lau, ɗana. Na san hidima ta yi maka yawa." Ta jawo bakin zanenta ta kwance ƙulli, ga naira dubu uku, takardun sun yi laushi don daɗewa a ɗaure. Ta lissafa mini abin da take so ba tare da ta yi tuntuɓe ba, alamar ta sha maimaita shi a zuci: shinkafa, manja, daddawa, kuka, gishiri, sai sabulu in kuɗin ya kai. Sannan ta faɗi maganar da ta hana ni sukuni har yanzu. Ta ce shekaranjiya maƙwabciyarta ta leƙo ta ce ta kawo kuɗin a ba ɗanta ya sayo, ita kuma ta ce a'a, an riga an ba Malam, kada ya zo ya tarar an aiki wani ya ji ba daɗi.

Kun ji fa. Kada in ji ba daɗi.

'Yan'uwa, ku duba abin da kalma uku suka yi. Da na yi shiru ranar Talata, da wani ya ɗauka, da kafin azahar tukunya ta hau wuta. Zauren nan mutum ya fi ɗari a ciki. Da na ce "ni" sai na rufe ƙofa na zare mabuɗi na tafi Jega da shi a aljihu. Yaran suka cire gidan daga jeri saboda sun yarda da ni. Maƙwabta suka janye saboda ta yarda da ni. Rashin zuwana laifi ɗaya ne, tare hanyar masu zuwa laifi na biyu, kuma shi ya fi muni. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kada wani ya ce ai mantuwa ce, ɗan Adam ajizi ne. Na gwada wa kaina wannan hujjar a kan babur, ba ta ɗauke ni ko zuwa bakin titi ba. Ban taɓa manta ranar albashi ba. Ban manta sayen data ba ranar Laraba, da dare na fita takanas na saya. Abin da mutum ya ɗauka da nauyi ba ya faɗuwa daga kansa.

Mun mayar da "in sha Allah" ƙofar baya, ta inda muke sulalewa. Mun mayar da yatsa madadin ƙafa. A sa hoton mara lafiya, kafin minti biyar amin ta cika shafi, a tambayi wa zai kai shi asibiti, sai ka ji tsit kamar malam ya ci shirwa. A ce ana neman wanda zai kai wa mai takaba gawayi, mutum goma su sa hoton hannu biyu a ɗage, ba wanda ya ɗaga buhu. Wani ya ce "a turo mini lambar asusu", a tura, shiru. Wata ta ce "gobe zan aiko da miya", goben nan har yau ba ta waye ba. Ni na yi, kai ka yi, ke ma kin yi. Aya ta biyu a Suratus Saffi ba munafukai ta kira ba, masu imani ta kira ta tambaye su don me suke faɗin abin da ba sa aikatawa. Tun muna yara muka haddace ta, muna rera ta da daɗin murya.

Na tuna lokacin korona, a watan Maris na 2020, gwamnatin Ingila ta nemi mutum 250,000 da za su riƙa kai wa waɗanda ke kulle a gida abinci da magani. Cikin 'yan kwanaki mutum 750,000 suka ba da sunansu. Da wata manhaja mai suna GoodSAM aka haɗa su da mabuƙata: in wani na kusa da kai yana son a yi masa sayayya sai wayarka ta yi ƙara, ka karɓa ko ka ƙi, in ka ƙi ta wuce ga na gaba. Abin da ya tsaya mini a rai yau shi ne wannan damar ta ƙin karɓa. Wanda ya ce ba zai iya ba ya yi wa mabuƙaci alheri, domin ya sakar masa hanya. Mu kuwa kunyar cewa "ba zan iya ba" muke ji, amma ba ma jin kunyar barin tsohuwa tana kallon ƙofa kwana uku.

Kuma ku lura, baiwar Allah nan ba bara take yi ba. Kuɗinta na ƙulle a zane. Ƙafa ce ba ta da ita. A jihar da ake noma shinkafa tun daga fadamar Argungu har Suru, manyan motoci na fita da ita kullum, ga tsohuwa da kuɗi a hannu ta kwana uku ba ta ga ƙwaya ba, saboda babu mai taka mata zuwa kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa yake cinye rabin cefanen talaka, ballantana wadda ko hawa babur ɗin ba za ta iya ba. Da can yaran unguwa na kowa ne, tsohuwa ta leƙo ta kira duk wanda ta gani ta aike shi, in ya yi gardama ubansa ne zai fara zane shi. Kwanon tuwo yana tsallake katanga ba sai an roƙa ba. Yanzu katangar ta yi tsawo, an sa mata ƙofar ƙarfe, yaro na ciki da waya. Samarin nan da suka buɗe zaure aiken da muka gada suke ƙoƙarin rayawa da abin da ke hannunsu. Sai ga mu manya, masu gemu da carbi, mu ne ke kashe musu gwiwa.

Ku ƙirga gidajen layinku kawai. Akwai wadda mijinta ya rasu, tana cikin wata huɗu da kwana goma, 'yan ta'aziyya sun watse tun ranar bakwai. Akwai mai jego da mijinta ke ci-rani a Legas, yana turo kuɗi ta waya, amma kuɗin waya ba ya zuwa wurin mai POS da kansa ya dawo da tattasai. Akwai dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, wanda a da shi ke raba wa mutane hatsi, yau kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ba. Akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu a ƙasar Zuru saboda 'yan bindiga, suka kama ɗaki a bayan gari, ba dangin iya ba na baba. Irin waɗannan in ka ce musu za ka zo, sun ajiye maganarka kamar kuɗi a banki. Ba su da wata.

Ya zo a tarihi cewa Sayyidina Umar yakan je da dare ya yi wa wata makauniyar tsohuwa hidima a gefen Madina, sai ya riƙa tarar da wani ya riga shi. Ya ɓuya don ya ga ko wane ne, ashe Sayyidina Abubakar ne, alhali yana halifa. Zainul Abidina kuwa, jikan Sayyidina Ali, sai wajen wankan gawarsa aka ga tabon buhu a bayansa, sannan mutanen Madina suka gane wanda ke ajiye musu abinci a ƙofa da dare. Su suna rige-rigen zuwa a ɓoye, mu muna rige-rigen sanarwa. Ni na sanar a gaban mutum ɗari, na kwashi addu'a bakwai, bayana kuwa sumul.

Ba ina cewa ku daina amsawa ba, don Allah kada a fahimce ni a karkace. Na san cikinku akwai waɗanda suke yi shiru-shiru. Na san wani yaro ɗan makaranta da ke kai wa gida uku cefane a kan keke kowace Asabar, canjin naira hamsin ma sai ya mayar. Na san matan da ke shiga wurin masu takaba inda namiji ba zai shiga ba, su share tsakar gida su ɗora girki kafin su fito. Allah ya san ku, ya isar muku. Da ire-irena nake, masu saurin yatsa.

In ka ce "ni", to ka tashi a lokacin. In uzuri ya taso, kuma yana tasowa, koma zauren ka rubuta "ban samu zuwa ba, wani ya ɗauka". Ba zai ci maka datar naira biyar ba. Girmanka ba zai zube ba, in ma ya zube gara shi da cikin yaro ɗan shekara shida. In ka je kuma ka bar wayarka a aljihu, kada ka ɗauki tsohuwar mutane hoto da leda a hannu.

Na je kasuwar dai yau, na sayo, na cika da abin da ya sawwaƙa. Ta yi ta sa mini albarka har na rasa inda zan sa kaina, ina ma zagina ta yi. Da na fito na rubuta wa yaran gaskiyar abin da ya faru, na roƙe su daga yau duk wanda ya ce "ni" bai rubuta "an kai" ba kafin magariba, a mayar da gidan cikin jeri, ko waye shi, ko limamin unguwa ne. Sun ce to, Baba. Ko kalma ɗaya ta zargi ba su faɗa mini ba.

Yanzu kai da ka karanta har nan, kada ka rubuta mini "Allah ya yafe mana" ka wuce. Buɗe wayarka ka koma sama. Duba zauren unguwa, na dangi, na tsofaffin ɗalibai, duba saƙon gwaggonka da ka ce za ka leƙo tun kafin Sallah. Nemo inda ka ce "ni zan je". Akwai wadda ta hana a aiki wani saboda kai.

Don Allah ka duba. Yanzu, kafin ka kwanta.