Musulunci a Amurka ya girmi Malcolm X da nisa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Musulunci ya shiga Amurka ne a zamanin Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, da ɗan dambe Muhammad Ali, ko kuma da zuwan baƙi masu ƙaura daga wasu ƙasashe bayan 1965. Ba haka ba ne. A cikin jiragen bayi ya iso, a ƙirjin mutanen Afirka ta Yamma.

Ayuba Sulaiman Diallo, ɗan malami daga Bundu da ke ƙasar Senegal ta yau, ya yi bauta a gonar taba a Maryland da ke gabashin Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin 'yancinsa, ya koma gida a 1734.

Umar ibn Sa'id bai samu wannan sa'a ba. Bafulatani ne daga Futa Toro, a bakin Kogin Senegal, da ya shafe shekara 25 yana neman ilimi, aka kai shi birnin Charleston na Amurka a matsayin bawa a 1807. Da ya gudu aka kulle shi a garin Fayetteville, sai ya riƙa rubuta Larabci a bangon kurkuku, mutanen gari suna zuwa kallo. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya buɗe da Suratul Mulk. Ni dai ban ga wannan a matsayin katari ba: bawa ne ke tuna wa mai shi cewa mulki na Allah ne. Tun kafin ya rubuta tarihin ya fara zuwa coci, har yau masana na gardama kan abin da ke zuciyarsa. Yana cikin bauta ya rasu, rubutunsa kuwa yana Laburaren Majalisar Dokokin Amurka.