Ashe gwamnati ma kala-kala ce

Shekara 19 ina aikin gwamnati a jiharmu, tafiyata ba ta taɓa wuce Legas ba sai bara, da aka sa sunana cikin masu zuwa wani taro a Washinton. Estakod ɗin nan da muke ji a bakin daraktoci, wato kuɗin guzurin tafiya ƙasar waje, ya shigo hannuna. Kafin ya kwana uwargida ta raba shi uku: kuɗin makarantar yara, gyaran rufin ɗakin baƙi, sauran na tsaraba. Na ce masauki fa? Ta ce, "Ai kai ne akanta."

Na hau intanet neman otal. Sai ga farashi biyu, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya an rubuta na ma'aikatan gwamnati, da ragi mai tsoka. Na ce Allahu akbar, ashe akwai ƙasar da ta san darajarmu! A ƙasa akwai wani ɗan siririn rubutu, irin wanda sai da tabarau, tabarau kuwa yana mota. Na danna kwana biyar.

Na isa otal cikin babbar riga mai aska takwas da hula zanna. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta nemi katin shaidar aiki. Na ciro shi daga wuya cikin ƙasaita, ga jar gaggafa a sama, ga fararen dawakai biyu. Ta juya gaba, ta juya baya.

"Yallaɓai, wace gwamnati ce wannan?"

Na ce gwamnati ai gwamnati ce. Cikin ladabi ta yi min karatu: ragin na ma'aikatan gwamnatin Amurka ne da sojojinta. Akwai wata hukumarsu, GSA, da ke yanke abin da za a biya wa ma'aikaci na kwana a kowane gari, sabon lissafi na somawa duk 1 ga Oktoba, su kuma otal-otal su daidaita farashi da shi. Na gyara hula na ce mata ni fa a mataki na 13 nake. Ta duba kwamfuta ta ce otal ɗinsu hawa 12 ne kacal.

Muna cikin haka wani ya zo da gajeren wando da silifas, yana taunar cingam. Mutumin da a sakatariyarmu ko maigadi ba zai bari ya wuce ƙofa ba. Ya nuna wani ɗan kati, aka miƙa masa makulli, ya shige lif. Ni da aska takwas ina tsaye.

Na biya cikakken kuɗi. Aka ɗora haraji, aka kuma riƙe wasu daloli wai ko zan yi ɓarna a ɗaki. Nan take rufin ɗakin baƙi ya tafi, tsaraba ta bi shi. Allah ya sa uwargida ta cusa min garin kwaki da ƙuli-ƙuli a akwati, abin da na yi ta mita a kansa a filin jirgin Abuja. Su suka riƙe ni kwana biyar, ina jiƙawa a kofin gilashin banɗaki.

Tsarabar da na kawo gida, ƙananan sabulan otal ne guda biyar da biro biyu na wurin taro. Uwargida ta jera su a kan tire, ta dube ni ta ce, "Akanta, sannu da ƙoƙari." Da damina ta sauka, ni aka ba aikin tara bokiti a ɗakin baƙi.