Wa ke da ikon sauke Baba Fasto daga bagadi?

Duk lokacin da sunan wani babban fasto ya fito a labarai, gardama iri ɗaya ce ke tashi a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwa. Wannan ya ce bawan Allah ne ake yi wa hassada, wancan ya ce ɗan kasuwa ne da ya sa kwala, kowa kuma hujjarsa bidiyo ne na minti uku. Zuciyar mutum ba ta fitowa a bidiyo. Abin da ake iya dubawa daga waje shi ne tsarin da ke kewaye da shi: wa ke ƙirga baiko, wa ke yanka masa albashi, in kuma ya yi abin kunya, wa zai ce masa ya sauka ya kuma sauka ɗin.

A nan Ingila, inda nake zaune, amsar tambayoyi biyun farko tana intanet kyauta. Yawancin manyan majami'u suna da rajista a matsayin ƙungiyoyin agaji ƙarƙashin hukumar Charity Commission, kuma wadda kuɗin shigarta ya wuce fam 25,000 a shekara dole ta miƙa lissafinta cikin wata goma bayan rufe shekarar kuɗi. Ka rubuta sunan cocin a rajistar, takardun za su fito. Kada ka tsaya kan jimillar baiko, ba nan maganar take ba. Fara da ranar da aka miƙa lissafin, don cocin da kullum take makara akwai abin da ke damunta. Sai sunayen amintattu: in sunan iyali ɗaya ya fito sau uku cikin mutum biyar, ka san hukumar cocin ta gida ce. Daga nan ka gangara bayanan ƙarshe, inda ake faɗin ma'aikata nawa ke karɓar sama da fam 60,000, da wurin da ake bayyana cinikin da coci ta yi da amintattunta ko danginsu. A nan ake ganin cewa kamfanin da ke buga littattafan fasto, ko wanda ke ba cocin hayar gini, na matarsa ne.

Wannan tsari ya taɓa 'yan gida. Charity Commission ta binciki cocin KICC ta Fasto Matthew Ashimolowo, rahoton 2005 ya sami sakaci babba wajen tafiyar da kuɗi, aka ce ya mayar da fam 200,000. A bincike na biyu, wanda rahotonsa ya fito a 2016, an gano cocin ta zuba fam miliyan 5 a hannun ɗaya daga cikin amintattunta don ya juya, ta yi asarar kusan miliyan 3.9. A 2022 kuma kotu ta rufe kamfanin cocin SPAC Nation bayan ya kasa bayanin inda sama da fam miliyan 1.8 suka shiga. Ba wanda ya tambayi ko suna yin mu'ujiza. Rasit aka nema.

Mutanenmu da yawa suna zaton Amurka ta fi haka tsauri. Ba ta kai ba. Ƙungiyoyin agaji a can suna cike takardar 990 da ke nuna albashin shugabanni, amma doka ta ɗauke wa majami'u wannan nauyi. A 2007 Sanata Chuck Grassley ya nemi bayanan kuɗi daga manyan masu wa'azin talabijin shida, cikinsu har da Kenneth Copeland, Creflo Dollar, Benny Hinn da Joyce Meyer. Wasu sun ba da haɗin kai, wasu sun ja baya, aka rufe binciken a 2011 ba tare da hukunta kowa ba. Abin da ya rage shi ne ECFA, ƙungiyar sa-kai da aka kafa a 1979, wadda ke sharɗanta cewa akasarin 'yan hukumar coci su zama ba ma'aikata ba, ba dangi ba. Tambarinta yana da amfani, amma kuɗi yake dubawa. Ƙungiyar mai wa'azi Ravi Zacharias tana ɗauke da shi har lokacin da rahoton lauyoyi na Fabrairun 2021 ya tabbatar da cewa mutumin ya daɗe yana cin zarafin mata.

Shi ya sa tambaya ta uku, wato wa zai iya sauke fasto, ta fi sauran nauyi. A cocin Mars Hill ta birnin Seattle, an sake kundin tsarin coci a 2007, iko ya koma hannun 'yan tsiraru kusa da Fasto Mark Driscoll, dattawa biyu da suka nuna rashin yarda aka sallame su. Shekara bakwai bayan haka ta fito fili cewa an kashe sama da dala 200,000 na coci don cusa littafinsa cikin jerin waɗanda suka fi ciniki, ya yi murabus a 2014, cocin ta watse a ƙarshen shekarar. A Willow Creek kusa da Chicago, da mata suka kawo ƙara kan fastonta Bill Hybels a 2018, dattawa sun fara da kare shi, daga baya dukansu suka sauka. Hukumar dattawa tana nan a takarda a wurare biyun. Matsalar ita ce wanda ya kamata su sa wa ido shi ne ya ɗauko su, ko kuma girmansa ya riga ya rufe musu baki.

A gida an gwada sa hannun gwamnati, bai zauna ba. Ƙa'idar hukumar FRC, mai kula da rahoton kuɗi a Najeriya, ta ce shugaban ƙungiyar agaji irin su coci kada ya wuce shekara 20. A Janairun 2017 Fasto Adeboye ya naɗa wani ya jagoranci Redeemed a Najeriya, cikin kwana biyu aka cire shugaban hukumar, aka dakatar da ƙa'idar. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar CAC ikon dakatar da amintattu, ta sha suka daga CAN. Ni ban ga laifin Kiristan Arewa da ke tsoron gwamnati ta riƙe makullin cocinsa ba, wanda ya san wahalar samun takardar fili don gina majami'a a wasu jihohi ba zai yi wa wannan tsoro dariya ba. Amma wanda ya ce gwamnati ta cire hannu, sai ya nuna mana hannun da zai maye gurbinta. Ginin masaukin baƙi na cocin T.B. Joshua da ya rushe a Satumban 2014 ya kashe mutum 116, binciken kotu ya nuna ba a samu izinin ginin ba. Wa ke cikin cocin da zai iya hana ƙara hawa a kan ginin?

Abin mamaki, maganin yana hannun ikilisiyoyin da yaranmu suke raina wa wayewa. A ECWA fasto ma'aikaci ne, majalisar gundumar coci (DCC) ce ke tura shi, ita ce ke canza masa wuri. A COCIN da EYN ma majalisa ce a sama da mutum, shugaban ikilisiya na ƙasa baki ɗaya yana da wa'adi, yana kuma sauka. Bayan sujada dattawa ne suke zama su ƙirga baiko, ma'aji da magatakarda su sa hannu, a karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, wata uwa daga Zumuntar Mata ta ɗaga hannu ta tambayi kuɗin kwanon rufi. Tsarin yana da nasa ciwo: siyasar zaɓe, ƙabilanci, fastocin ƙauye da albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata. Duk da haka ginin ba na fasto ba ne, ɗansa kuma ba ya gadon bagadi.

Koyarwa ma ana auna ta, kuma ba sai ka je makarantar tauhidi ba. Ɗauki wa'azi huɗu a jere, ka rubuta kowace aya da ya kira, ka karanta surar gaba ɗaya a gida. 3 Yahaya aya ta 2, da ake ginawa a kai a ce Allah ya yi alkawarin arziki, gaisuwa ce ta buɗe wasiƙa zuwa ga Gayus. Riɓi ɗari na Markus 10:30 yana tafe da tsanani a cikin ayar kanta, sai dai ba a cika karanta ta zuwa ƙarshe ba. 2 Korintiyawa sura 8 da 9 maganar gudummawa ce ga matalautan Urushalima, kuma a nan ne Bulus ya sa ikilisiyoyi su zaɓi wanda zai raka kuɗin don kada a zarge shi. Lura kuma da inda wa'azin ke sauka. In ta ko'ina aka faro, ambulan ake ƙarewa, ka riga ka sami amsa. Benny Hinn da kansa ya fito a 2019 ya ce ya daina neman baikon "iri" na dala 1,000, Creflo Dollar ma a 2022 ya ce abin da ya koyar kan zakka ba daidai ba ne.

Za a ce maka kada ka taɓa shafaffe. Zabura 105, inda aka ɗauko wannan kalma, tana maganar yadda Allah ya tsare kakannin Isra'ila daga sarakunan ƙasashen da suka ratsa, ba ta hana tambaya ba. 1 Timoti 5:19-20 ita ce ta shafi dattijon ikilisiya kai tsaye: kada a karɓi ƙara sai da shaidu biyu ko uku, in kuma ta tabbata a tsawata masa a gaban kowa. Rabin farko yana kare fasto daga masu yaɗa bidiyo, rabi na biyu yana buƙatar wurin da za a kai ƙarar. Kafin ka sa sunanka a littafin membobi, tambayi mai tarbar baƙi inda yarinyar ƙungiyar mawaƙa za ta kai kuka idan Baba da kansa ne ya ɓata mata. In amsar ita ce ofishin Mama, to ka sake tambaya ko akwai wani wurin.